Rigar Kashin Kare a Kan Gora

Ni na fara ganinta. Duk wanda ya ce maka shi ne, ka ce masa Tak Bong-chul ya ce ƙarya yake yi. Kafin fastocin garin su san da isowarta, ina zaune a bakin tashar jiragen ruwa ta Busan da akwatina na goge takalma, sai ga wata Baturiya ta sauko, doguwa har abin ya yi yawa, ga wuya, ga ƙafafu kamar sandar tuƙa kwalekwale. Na zunguri abokina na ce, "Chil-seong, tashi ka ga zalɓe ya sauka kasuwar kifi." Sunan da ya bi ta ke nan har kabari, kuma ni na raɗa shi. Ainihin sunanta Ingeborg, 'yar mishan ce daga ƙasar Norwe, amma wa zai karya harshensa a banza?

Na dubi takalmanta, irin na maza, an sake musu ƙasa ya fi sau ɗaya. Na ce, "Wannan ba hoto ta zo ɗauka ba. Za ta daɗe."

Chil-seong ya ce, "Yaya, kai komai ka sani, in ban da inda za mu ci na rana."

Na kai masa ranƙwashi. To, wa ya yi gaskiya? A nan ta tsufa, a nan aka binne ta.

Lokacin yaƙi bai ƙare ba. Mu yaran Arewacin ƙasarmu ne da jiragen ruwa suka kwaso daga tashar Hungnam cikin dusar ƙanƙara. Wanda bai ga turmutsutsun wannan rana ba, kada ya yi mini zancen turmutsutsu. Uwa a wannan jirgi, ɗa a wancan, kowa yana ihun abu ɗaya: "In mun rabu, mu haɗu a gadar Yeongdo!" Ita kaɗai mutanenmu suka taɓa jin labarinta a Busan, gadar da ke ɗaga rabinta sama jirgi ya wuce. Da muka sauka sai muka nemi gadar, muka shige ƙarƙashinta, muka zauna jira. Sanyi ya zo ya wuce, wani ya kama hanya, muna nan. Mun haura ashirin, ni ne shugaba. Ba wanda ya zaɓe ni, na dai kayar da duk wanda ya ce a'a. Da rana manya su tafi goge takalman sojoji, ƙanana su tsinci guntayen sigari mu warware mu sayar da tabar. Amma da jiniya ta yi kuka za a ɗaga gada, kowa zai yar da abin da ke hannunsa ya sheƙo, don a lokacin ne jama'a ke taruwa maƙil suna jiran a sauke, kowa yana leƙa fuskar kowa.

Ƙaraminmu shi ne Gaettong, wato kashin kare. Irin sunan nan ne da iyaye ke laƙaba wa jariri don mutuwa ta ji ƙyama ta wuce shi, rabin yaran ƙauyukanmu da shi suke amsawa kafin su yi wayo. Shi bai san wani suna ba sai wannan. Bai san sunan ubansa ba, bai san garinsu ba. In ka tambaye shi sai ya ce akwai bishiya a ƙofar gidansu. Abin da ya mallaka a duniya rigar sanyi ce mai cikon auduga, da koren faci a kafaɗar hagu, an ɗinke shi da jan zare, ɗinkin duk a karkace. Da ita ya hau jirgi. A lokacin tana kai masa gwiwa, yanzu cibiyarsa take neman bari a waje. Bai taɓa tuɓe ta ba, ko da zafi. In ka matsa kusa sai ka ga ɗinkin yana motsi. Ƙwarƙwata ce.

Ranar da Zalɓe ta fara saukowa ƙarƙashin gada, da tukunya ta zo, ita riƙe da kunne ɗaya, ɗayan a hannun mai dafa mata abinci, Iya Sun-rye, wata gwauruwa 'yar asalin Busan mai baki kamar reza. Ita Zalɓe a cikin Littafi Mai Tsarki ta koyi yarenmu, saboda haka da kowa irin maganar da ake yi wa sarki take yi. Ta naɗe tsawon nan nata ta rusuna a gaban Gaettong, majina har leɓe, ta ce, "Ranka ya daɗe, ko mai girma ya ci shinkafa?"

Muka zube ƙasa don dariya. Chil-seong yana riƙe da ciki yana cewa, "Mai girma Kashin Kare, a kawo kujera ne, ko a nan za a yi zaman fada?"

Gaettong bai yi dariya ba. Ya dube ta ya ce, "Ban ci ba."

Ta ce, "To, ga ta."

Mun yi dariya, amma bari in faɗa maka, tun da muka sauka daga jirgi ba wanda ya kira mu da wani abu in ba "kai ɓarawo" ba.

Ta samu wani tsohon sito a kan tudu bayan coci, ta sa aka yi masa daɓe irin namu wanda wuta ke bi ta ƙarƙashi. Ta ce mu zo, akwai wurin kowa. Shugaba ba ya fara tsoma ƙafa a ruwan da bai san zurfinsa ba, sai na tura Chil-seong da yara biyu su gano mana. Kafin rana ta karkata sai ga shi ya dawo a guje, kai ƙwal, sanye da wata rigar ulu ta Turawa, hannunsa na dama duk ya tashi ya yi ruwa, yana ƙanƙame da rabin hula.

Na ce, "Wa ya taɓa ka?"

Ya ce, "Yaya, ƙona mutane suke yi a gidan nan."

"Mutane?"

"Sun yi mana wanka, sun aske mu, sun baɗe mu da farar hoda. Ina fitowa na ga kayanmu a cikin duro, wuta na ci. Hular da Baba ya sa mini a bakin jirgi! In an ƙona abin da za a gane ka da shi, ina bambancin?"

Hannu ya cusa a cikin wutar ya ciro ta. Daga ranar na kafa doka: abincinta mu ci, tudunta ba mai hawa.

Ta ci gaba da zuwa da tukunya. Da ta ambaci gida sai kowa ya sa ido a cikin kwanonsa. Ita a zatonta wanka muke tsoro. Iya Sun-rye kuwa zagi take yi tana zuba mana miya: "'Yan banza, an shimfiɗa muku daɓe mai ɗumi kun zaɓi kwata! Miƙo kwanon, kai mai kan tulu." Kuma ba zan ce ba su da tasu gaskiyar ba. Ƙwarƙwatar nan zazzaɓi take kawowa, na ga ƙarti da suka fi ƙofa faɗi ta kayar da su a sansanin 'yan gudun hijira.

Sai sanyi ya sauko da gaske. Iskar teku in ta biyo ta ƙarƙashin gadar nan, kamar ana yanka ka da gwangwani. Gaettong ya fara tari. Na san irin tarin, na riga na ɗauki yara biyu da suka yi shi na kai inda ba a dawowa. Ya daina tsintar sigari, ya daina cinye rabonsa, amma da jiniya ta yi kuka sai ya rarrafa ya hau sama ya tsaya cikin ƙafafun mutane.

Wata rana da hantsi Zalɓe ta durƙusa, ta manna kunnenta a bayansa, a kan rigar nan da ni kaina ba na so ta goge ni. Da ta ɗago na ga fuskarta ta sauya. Ta ce wa Iya yaron nan ba zai ga bazara a nan ba. Ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, ya gantsara mata cizo har jini.

Yana ihu yana tari, "Ba za ki ƙona ba! Inna ta ce in tsaya a nan!"

Nan ne na miƙe. Na ce, "Iya, maganarmu ta Arewa tana yi mata sauri. Ki juya mata abin da zan faɗa, kada ki rage."

Ta ce, "Ji ɗan nema! Ni za ka aika?"

Na ce, "Ke zan aika, Iya. Ki tambaye ta, in uwarsa ta zo yau, me za ta nema? Ɗan mitsitsi ta bari, fuska ta sauya. Suna kuwa, hau gada ki kira Gaettong, yara goma za su waigo, har da karnuka. Rigar nan ita ce sunansa, ita ce fuskarsa. Ku aske shi, ku sa masa ulu, ku kai shi kan tudu, kun binne shi ke nan yana numfashi."

Iya ta buɗe baki za ta zage ni, sai ta rufe. Ta daɗe tana kallon facin nan, sannan ta juya maganar a hankali, ba ta rage ba.

Zalɓe ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙun duwatsu. Ta nemi Chil-seong da ido, ta ga hannunsa a naɗe da tsumma, ta matsa ta kai goshinta ƙasa a gabansa ta ce, "Na yi wa mai girma babban laifi. Ban sani ba."

Chil-seong ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Malama, tashi mana, mutane na kallo. Ai rabin ma ya isa a gane."

Iya ta share hanci da haɓar zani ta ce ba dole sai wuta ba, in aka tafasa riga a tukunya ko kakar ƙwarƙwata ba za ta tsira ba. Wannan ya warware rabi. Saura rabin, yaro ya ce ko da riga ko ba riga, ba ya barin gada.

Zalɓe ta ce, "To rigar ta tsaya, mai rigar ya kwanta. Ni zan riƙa kawo ta."

Gaettong ya ce, "Ƙarya ne."

A nan aka ga amfanin kai irin nawa. Na haura wajen masunta na zaro gora ɗaya daga cikin waɗanda suke shanya taru a kai, na ɗaura ƙyallen wuyana a samanta, na danƙa wa Zalɓe na ce ta hau bakin gada ta ɗaga. Na goya Gaettong na yi ta tafiya da shi har wajen masu sayar da kifi, sannan na juya.

Na ce, "Kai, Kashin Kare, in ka tsaya cikin taro me kake gani?"

Ya ce, "Ɗuwawun mutane."

"Su kuma me suke gani?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Ba sa ganin komai, don tsawonka bai wuce na tulun da ake tsima kabejin kimchi ba. Wa ya sani ko uwarka ta sha wuce ka? Yanzu ɗaga kai. Kana ganin ƙyallena?"

"Ina gani."

"Daga tsibirin da ke ƙetaren gada ma ana gani. Zalɓe ce fa, ga kuma gora."

Da muka koma ya dube ta daga bayana ya ce, "In Inna ta zo wa zai gaya mata inda nake?"

Ta ce, "Baiwar mai girma."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ke da kanki, ba aike ba. Ki rantse."

Ta ce, "Mu ba ma rantsuwa, ranka ya daɗe. Na ce i, ya zauna."

Da hannunsa ya kwance igiyar rigar. Da ƙyar ta rabu da fatarsa. Zalɓe ta tuɓe kwat ɗinta ta naɗe shi, ni na goya shi har kan tudu, ban huta ko sau ɗaya ba, tambayi kowa. Iya ta tafasa rigar a gabansa yana kallo, ruwan ya yi baƙi ƙirin, aka shanya ta inda idonsa zai kai daga shimfiɗa.

Washegari muka rataya ta a gora, sai ta langaɓe kamar mataccen kifi, facin ya shige cikin ninki. Na samo guntuwar sanda na zura ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, na ɗaure a gicce. Riga ta buɗe hannuwa, kore ya fito sarai. Iya ta fito daga madafa ta ga abin, ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu Almasihu! Kun ga abin da kuka haɗa kuwa?" Sai a lokacin muka lura gicciye ne sanye da rigar Gaettong. Zalɓe ta yi dariya har da hawaye, ta ce duk cocin ƙasarsu babu wanda ya kai wannan kyau.

Haka ta riƙa tsayawa. Jiniya na kuka, tana bakin gada, gora a sama. Matan kasuwa suna cewa, "Baturiya ta zautu, ta rasa wurin shanya sai gada." Wani ɗan duba da ke da rumfa a gindin gadar ya zo ya ce tana kashe musu kasuwa, ta rusuna ta tambaye shi ko mai girma ya ci shinkafa, ya tafi yana ƙunƙuni. Da yarana suka ga rigar tana tafiya tana dawowa ba abin da ya same ta, sai Chil-seong ya kawo rabin hularsa. Wata yarinya ta kawo ƙyallen gashinta. Wani takalmin roba ƙafa ɗaya. Duk wanda ya rataya nasa sai ya hau tudu. Ni ne na ƙarshe, don shugaba ba ya barin gari sai ya ga ba kowa. Ɗamarar fatar ubana na ɗaura a can ƙasa.

Gorar ta yi nauyi, iska kuma tana kama kayan kamar filafilan jirgi. Yatsun Zalɓe suka tsattsage. Akwai ranar da zazzaɓi ya kama ta, Iya ta tare ƙofa ta ce, "Malama, ba inda za ki. A ba wannan mai taurin kan ya kai." Zalɓe ta ce ita ta ce i, ba Bong-chul ba. Muka tafi, ita ta riƙe sama, ni na tokare gindin gorar da cikina.

Kullum muka dawo, Gaettong na kwance a daɓe mai ɗumi zai ɗago ya ce, "An zo?"

Ta ce, "Ba yau ba, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To gobe." Sai ya juya ya karɓi allurarsa, ya ci abinci. Tarin ya yi ta ja da baya, kumatu suka fara fitowa.

Ƙanƙara ta fara narkewa ranar da abin ya faru, ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Gada na sama, taro ya cika, sai wata budurwa mai ɗankwalin ma'aikatan kamfanin takalman roba ta keto mutane kamar an harbo ta. Ta cakumi kwat ɗin Zalɓe tana dukanta, duk da iyakar inda hannunta ke kaiwa ciki ne.

"A jikin wace gawa kika cire? Ina kika binne shi? Faɗa mini!"

Na shiga tsakani na ce, "Ke, sake ta! Wace ce ke?"

Ta ce, "Ɗinkina ne! Ni na yi facin nan, Inna ta mare ni ta ce kamar kaza ta taka! Daga siket ɗinta aka yanko!"

Zalɓe ta manta da duk maganar fada. Ta ce, "Yana da rai. Kwano biyu yake ci."

A hanyar tudu yarinyar take gaya mana ta yi shekara tana zuwa gadar nan duk ranar hutu tana duba fuskokin yara, har ta fid da rai ta daina. Ranar ma aike ne ya biyo da ita, kuma ba ta ɗaga kai ba sai don ta ga kowa yana kallon sama.

Muka tarar da yara a jere suna cin na rana, kowa kai ƙwal, kowa cikin ulu iri ɗaya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa. Ta wuce Gaettong. Ta dawo ta sake wuce shi. Ka ji ko? Ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya! Ta juyo wajen Zalɓe, sai muka ji wata murya cike da shinkafa ta ce, "Yaya Mal-sun mai haƙorin zomo."

Ba zan ba ka labarin kukan ba, ni ba mai son kuka ba ne, hayaƙin madafa ne ya shiga mini ido. Da aka natsa ya tambaye ta ina Inna. Ta ce Inna ta kwanta a sansani tun sanyin farko, ba ta tashi ba, amma har ta rufe ido tana cewa a je gada. Ya ce, "Ai na tsaya." Ta ce, "Ka tsaya, ɗan ƙanena."

Ita ta gaya mana sunansa Ma Yong-gil. Ya ce bai yi masa daɗi ba, ya daɗe ba ya amsawa. Ɗakin da take kwana su goma ne a ciki, ba wurin yaro, saboda haka ya zauna a tudu, tana zuwa duk Lahadi bayan sujada da dafaffen dankali a ɗankwali. Ya yi karatu, ya zama makanikin injin jirgi, ya ga jikokinsa kafin ya tafi.

Gorar ba ta sauka ba don an samu mutum ɗaya. An zo wa mai takalmin roba, kawunsa ne. An zo wa yarinyar nan mai ƙyalle. Chil-seong sai da ya fara gemu sannan wani gurgun soja ya tsaya a gaban rabin hula ya kasa tafiya. Ɗamarar ubana ta yi shekaru a wurin har fatar ta farfashe, ba wanda ya zo. Kada ka yi mini wannan fuskar, ban nemi tausayinka ba. Ni da aka yi wa baftisma a cocin tudu, Zalɓe tsaye a bayana a matsayin uwa? Ranar aurena ita ta zauna inda iyayen ango ke zama, ƙafafun nan sun rasa inda za su naɗe, Iya Sun-rye a gefenta tana gaya wa amarya har yanzu da sauran lokacin guduwa. Yaran da suka bi ta gidan nan bayanmu, na yaƙi da waɗanda ba na yaƙi ba, ni na riƙa shiga kwararo ina zaƙulo su, don ba maɓoyar da ban sani ba a garin nan. Kuma ba a sake ƙona ko zare ɗaya na wani yaro ba.

Yanzu samari in na ba da labarin sai su riƙa taɓa juna, wai tsoho ya ƙara gishiri, wai mace ba za ta iya riƙe gora a iskar nan tun farkon sanyi har ƙarshensa ba. To, na haura tamanin, haƙorana na gaba ma ba nawa ba ne. Mai shakka ya bari sai tsakiyar sanyi ya zo ya same ni. Zan yanko gora biyu, mu rataya wa kowacce rigar auduga, mu tsaya a bakin gadar Yeongdo ta wajen teku. Wanda ya fara saukewa ya durƙusa ya kira ɗayan Yaya a gaban matan kasuwa. Ka zo da safar hannu in kana so. Ni ba na bukata.